Yadda Bunsuru Ya Koyi Tafiya

Angona,

Sallama irin ta mutanen kirki, ko da yake ba ka cikinsu, tunda ka tafi karatu ka bar amarya da ciwon gwiwa. Ina fatan kana lafiya, kana ci kana barci, ba ka kafa wa kwamfuta ido har ka koma kamar mujiya ba. Ya karatu, ya malamanku, ya abokan ɗakinka? Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwa da ɓacin rai. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ajin da na tsaya. Harafin da ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai don haka aka kai ka makaranta.

Ban kira ka a waya ba domin bangon gidan nan kunne gare shi, kuma mamanka ta hana a gaya maka. To ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba.

An sallame ta daga aiki.

Ka san tun kana goye take zana katun ɗin yara a kamfanin nan. Ka san teburinta mai fitila a ƙarƙashin gilashi, da yadda take maƙale takardu tsakanin yatsu tana kaɗa su har Tsohuwa Mai Kwando ta ɗaga ƙafa. Ka kuma san wace ce Tsohuwa Mai Kwando, duk da kullum kana cewa ta fi ni kyau. Ni ce nake zuwa in yi ta kai da kawo a gaban teburansu da kwando a ka, su suna kallo suna zanawa, mamanka tana cewa in sake, wai ƙugu bai karye yadda take so ba. Yaran garin nan duka sun girma suna kallon tafiyata ba su sani ba.

To mai kamfani ya ɗauko sabon darakta, wani gajere mai tumbi, kullum da waya a kowane hannu, har ma'aikata suka sa masa Mai Waya Biyu. Ya ce zamanin fensir ya wuce, da kwamfuta za a riƙa yin komai. Da a nan ya tsaya da ban ce uffan ba. Kai ma ai abin da ka tafi koyo ke nan, maci amana, kuma ban tsine maka ba. Zamani riga ne. Amma sai ya tara ma'aikata kaf, ya ɗauki damin zanen mamanka da ke kan teburi, ya riƙa kaɗa shi a gabansu kamar mafici, wai wannan aikin kakanninmu ne, abin da take ɓata wata guda a kai na'ura za ta gama kafin shayinsa ya huce. Wai a kai ta gidan adana kayan tarihi ita da teburinta. Aka yi dariya. Wasu don tsoro suka yi, na sani, amma dariya dai dariya ce, kuma a kunnenta ta sauka.

Tun ranar ba ta taɓa fensir ba. Ba ta kuka, da ma kukan take yi da na samu abin rarrashi. Tana shara, tana girki, tana amsa gaisuwa, amma kamar fitilar da aka zare wa lagwani. Ka san ta da zane a bayan kowace takarda, har a kwalin sabulu. Yanzu ko lambar waya za a rubuta sai ta miƙo mini biro.

Shekaranjiya tagar ɗakina ta ɓalle, na je wurin mai kayan gini sayen ƙusa. Ya naɗe mini a takarda. Ina isowa gida na warware, sai ga ni. Ni ce, da kwandona, da ɗaurin kallabina, ƙafa ɗaya a sama, ƙusa ta huda mini ido. Ashe sun kwashe zanen shekara da shekaru sun bai wa masu shaguna su yi ƙunshi. Na ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa kada ta gani.

Angona, na yi alkawari tsakanina da Allah, mutanen da ya sa suka yi wa 'yata dariya, su ɗin nan da bakinsu sai sun yi masa wadda ta fi ta. Ban san ta yaya ba tukuna. Amma ni da ka gani ban taɓa cin bashin wulaƙanci na kwana da shi cikin daɗi ba.

Yanzu ga aikinka. Ka bayyana mini yadda wannan kwamfutar taku take sa abu ya yi tafiya, tunda ba ta da yatsu. Ka faɗa da Hausa, kada ka cika ni da Turanci. Kuma kada ka nuna wa mamanka ka ji komai.

Ka gaida duk mai tambayata, in akwai.

Amaryarka mai furfura


Angona ɗan albarka,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka ce kana tari, ka daina kwana da fanka a kai. Amsarka ta iso, na karanta da kyar, rubutunka ya fi nawa muni, asarar kuɗin makaranta kawai. Amma na gane. Ka ce wani lokaci mutum ake sa wa matsattsen kaya mai ɗigo-ɗigo, kyamarori su kewaye shi, duk motsin da ya yi na'ura ta kwashe ta ɗora wa 'yar tsanar da ke cikin kwamfuta, ko mutum ne ko dabba. Ka ce ba ta zaɓe, ba ta tambaya, abin da aka ba ta shi take haɗiyewa. Wannan maganar ita na riƙe. Mamanka kuwa in na yi tafiya goma ɗaya take ɗauka, sauran ta zubar.

Ka ji ikon Allah. Ban gama juya maganarka a raina ba sai ga Doguwa, matar nan da ke kula da kyamarorinsu, wadda ta yi zaman teburi ɗaya da mamanka kafin ta koyi na'ura. Ta zo tana sunkuyar da kai. Wai sun yi Tsohuwa Mai Kwando a kwamfuta, an gwada wa yara, yara sun ce wannan ba ita ba ce, tana sulɓi kamar wadda ta taka sabulu. Wai mai kamfani ya ce a nemo tsohuwar asali a sa mata kayan ɗigo. Na dubi mamanka. Ta ce in ina so in je, ƙafata ce. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

Na je. Aka ce in zo da sassafe, na zo da sassafe. Mai Waya Biyu ya ajiye ni a benci a baranda har rana ta take, ko ruwa babu. Shi kuwa yana ta zarya a gabana, daga wannan ƙofa zuwa waccan, yana faɗa da mutane a waya. Bai gaishe ni ba, bai san ma da mutum a wurin ba. To wanda aka ajiye ba aikin yi, me zai yi in ba kallo ba?

Na kalle shi, angona, na ƙoshi. Tumbi ne yake fara shiga wuri kafin shi. Ƙafar hagu tana yin waje kamar tana son ta bi wata hanya dabam. In zai yi tsawa sai ya yi ɗage a kan yatsu don ya ƙara tsawo, in ya gama ya sauko dim. Kafin ya yi magana sai ya ƙwanƙwasa goshi da waya, ya ja hanci gefe guda. Abin da ya fi kashe ni, wandonsa yana zamewa daga tumbin, hannu kuma duka a cike, sai ya sa wuyan hannuwansa biyu ya ɗago shi tare da ɗan girgiza ƙugu. Ka san ni da kwaikwayo. Ka tuna yadda nake yi muku tafiyar mai gyaran famfo har ka yi fitsari a wando, kada ka musa.

Da aka shigar da ni, Doguwa ta sa mini kayan. Kada ka tambaye ni kamannin da na yi. Na ce mata in hoto ya fita sai na tsine mata. Har fuska suka liƙa mini ɗigo. Ɗakin babu komai sai kyamarori a bango da tabarmar roba a ƙasa. Shi darakta yana can wani lungu ya ba mu baya, ya kafa wa allon kwamfuta ido, inda ba ni ake gani ba, sai wasu ɗigogi da sanduna suna motsi kamar ƙwarangwal. Ka ji bambancin. Mamanka da abokan aikinta mutum suke kallo. Shi tun da na shiga har na fita bai juyo ya dube ni ba sau ɗaya.

Na yi musu Tsohuwa tsakani da Allah, domin ita ta mamanka ce, ba zan ɓata ta ba.

Ina hutawa sai na ji yana ta ruwan masifa. Ashe a sabon fim ɗin akwai wani Bunsuru, shugaban kasuwa, mai tafiya da ƙafa biyu, mai girman kai da cin zali, wanda a ƙarshe yake faɗawa kwata. Wanda suka ɗauko ya yi tafiyarsa ya yi har ya gaji, darakta yana cewa babu rai, babu rai, shi bunsuru yake so wanda da ganinsa za a tsane shi a kuma yi dariya. Na ce da Doguwa a hankali ta tambaye shi ko tsohuwa ta gwada. Ya ɗaga waya ɗaya sama ba tare da ya juyo ba, wai a bar ta ta gwada, ba a asarar komai.

Na tura ciki gaba. Na jefa ƙafar hagu waje. Na yi ɗage, na sauko dim. Na ƙwanƙwasa goshi, na ja hanci. Sannan na sa wuyan hannu biyu na ɗago wando na girgiza ƙugu.

Doguwa ta cusa gefen mayafinta a baki. Mai riƙe da fitila ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa suna rawa. Shi kuwa gogan naka ya buga teburi ya miƙe yana ihu, wai wannan shi ne, wannan shi ne bunsurun da yake nema! Ban taɓa jin mutum ya faɗi gaskiya irin wannan bai sani ba. Ya sa na maimaita ɗaga wandon har ƙuguna ya yi tsami, wai nan ne daɗin yake, a ƙara. Na ƙara masa har da gyara.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Doguwa ta ce sai an ɗau watanni kafin a sa wa ƙwarangwal ɗin nama da gashi da ƙaho. Ina da haƙuri. Kai dai ka ja bakinka, domin hannunka dumu-dumu a ciki, kai ka ba ni makamin.

Ka sha magani. Ina gaishe ka.

Amaryarka, wadda ƙugunta ke ciwo saboda aikin alheri


Angona,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta karatu. Na ji jarrabawa ta matso, Allah ya ba da sa'a, in ka faɗi kada ka dawo mini gida. Ka ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, shi ya sa ban yi wa mutumin ƙarya ko ɗaya ba. Abin da yake yi na yi.

An nuna fim ɗin jiya da la'asar a babban ɗakin taro na kamfani, ma'aikata da iyalansu. Na roƙi mamanka ta zo ta ƙi. Na ci ado na tafi ni kaɗai, na zauna a layin gaba kusa da mai kamfani, wai ni baƙuwa ta musamman. Duk fuskokin da suka yi wa 'yata dariya suna nan, na bi su ɗaya ɗaya da ido.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, abin ya yi kyau. Ruwa kamar ka sa hannu ka ɗiba, gashin dabbobi har iska tana kaɗa shi. Tsohuwa ma ta yi tafiyarta daidai, sai dai fuskar sumul kamar an goge ta da dutsen guga. Mamanka takan bar mata wata 'yar karkata a baki da ban san ina da ita ba sai da na gani a zane. Wannan babu.

Sai ga Bunsuru ya shigo kasuwa, tumbi a gaba.

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an ga abin da ba a yarda an gani ba. Bunsuru ya jefa ƙafar hagu. Ya yi ɗage ya daka wa mai tumatir tsawa, ya sauko dim. Can baya mai gadi ya saki wata irin ƙara kamar an taka kaza. Shi ke nan, bango ya tsage. Angona, na ga manyan mutane suna zamewa daga kujera. Matar da ke kula da albashi tana dukan cinyar wadda ke kusa da ita. Mai kamfani ya cire tabarau yana share hawaye, yana satar kallon daraktansa.

Shi kuwa daɗi ya hana shi zama. Ya tashi ya tsaya a gefen allo yana zarya, waya a kowane hannu, yana duban jama'a yana gyaɗa kai. Ga shi, ga Bunsuru, kafaɗa da kafaɗa. Kuma Allah da ikonsa, a daidai lokacin da Bunsuru ya sa wuyan hannu ya ɗago wando, shi ma nasa ya zame. Tare suka ɗaga, tare suka girgiza. Na ɗauka rufin zai faɗo. Wata mata sai da aka fitar da ita ta sha iska. Da aka kunna fitila ya rusuna yana godiya, wai bai taɓa ganin aikinsa ya karɓu haka ba.

Ka ce na huce ko? Ban huce ba. Na dawo gida ina tafe ina cizon yatsa. Mamanka ta san da ita ake lokacin da aka yi mata. Shi yana can yana barci da murmushi. Wace irin ramuwa ce wannan, ka mari mutum ya ce an yi masa fifita?

Abin da ya fi ci mini rai, na zauna na kwashe labari kaf na gaya wa mamanka, har na tashi na gwada mata. Ta dube ni ta ce Allah ya kyauta, in daina wahalar da gwiwata. Ta shige ɗaki. Ko gefen bakinta bai motsa ba. Na zauna a tsakar gida da adona kamar wadda aka fasa ɗauka.

Mako mai zuwa za a fara sa shi a talabijin. Ka taya ni addu'a, ba ta shiriya ba, ta cikawa.

Taka har kullum,
Amarya


Angona na kaina,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta ci ta ƙoshi. Ya jiki, ya jarrabawa? Ka ce kun kalli Bunsuru a ɗakinku har abokanka suna kwaikwayo, ka kasa gaya musu kakarka ce. Ka kyauta, ka ci gaba da kasawa.

Yara suka gama mini aikin. Ka san yaro ba ya tsoron a kore shi daga aiki. Doguwa ta ce ranar nan Mai Waya Biyu ya fito daga mota a bakin wata makaranta zai ɗauki 'ya'yansa, ana tashi. Bai yi taku kaɗan ba aka fara nuna shi. Kafin ya kai ƙofa ya waiwaya ya ga jerin yara a bayansa, kowa ya tura ciki, kowa yana ɗaga wando da wuyan hannu, suna kiran Bunsuru, Bunsuru. Wai ya tsaya cak, ya dubi ƙafarsa ta hagu kamar yau aka ba shi ita. Washegari ya rufe kansa a ofis ya yi ta maimaita fim ɗin shi kaɗai. Ya fito bai yi wa kowa tsawa ba, domin in zai yi sai ya yi ɗage.

Ga daɗin abin. Ba shi da bakin ƙara. Wa zai je ya gaya wa cewa shi ne bunsurun? Kuma fim ya karɓu, har riguna ake bugawa da hoton. Mai kamfani ya ce a yi kashi na biyu, Bunsuru ne gaba, kuma lallai tsohuwar nan za ta sake yi, darakta ya je da kansa ya roƙe ta.

Jiya da hantsi ina bakin ƙofa ina shan iska, mamanka tana shanya a ciki, ƙofa a buɗe. Sai na hango wani abu yana tahowa daga bakin layi. Na ɗauka sabon maras lafiya ne aka sallamo daga asibiti. Ashe Mai Waya Biyu ne, ya sauya tafiya. Ya haɗiye tumbi har fuskarsa ta yi ja. Ya sa wayoyi a aljihu, hannuwa sun rasa abin yi, ya manna su a cinya kamar an ɗaure. Ƙafar hagu yana jan ta ciki da ƙarfi har tana harɗe ta dama. Ya ɗaure wando da bel har kusan ƙirji. Wuya a sandare, ido a gaba, yana tahowa kamar ƙyauren da aka ciro daga ƙofa aka ce ya je kasuwa.

Sai na ji wani sauti a bayana da na kwana biyu ban ji ba. Mamanka ce, riƙe da jiƙaƙƙen zane, ta leƙo ta kafaɗata. Ta fara da tari, ta toshe baki, abin ya fi ƙarfinta. Ta durƙushe a bakin rariya tana dariya har da shessheƙa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta rarrafa ta shige ɗaki kafin ya iso, ina jiyo ta ta cusa fuska a matashi.

Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, ni ba na ajiye baƙo a benci. Ya gaishe ni, yau ya san Mama. Muka dubi juna. Ya sani, na san ya sani, babu mai iya faɗa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya isar da saƙon mai kamfani. A ƙarshe ya ƙanƙantar da murya, wai yana neman alfarma ɗaya, ko za a sauya wa Bunsuru tafiya a kashi na biyu, wai yara sun fara gajiya da waccan. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ɗana, wallahi ba zai sake ganin waccan ba, na riga na samu sabuwa fil. Har da godiya ya yi mini. Ya tashi ya koma yadda ya zo, ina rakiyarsa da ido har kwana.

Da na shiga ɗaki na tarar ta yage kalandar bango ta kifa ta a ƙasa, ta samo guntun fensir ban san daga ina ba. Ta jera Bunsuru da sabuwar tafiyar a bayan takardar tun daga ɗaga ƙafa har sauke ta, da ƙaho da gemu, hannu a manne. Ba ta ko dube ni ba ta ce in tashi in gwada ta gani. Na gwada. Ta ce ban iya ba, wuyan bai sandare ba, kuma ina saurin harɗe ƙafar, in bari sai an ɗauka ba za ta harɗe ba. Ta sa ni na yi ta yi har gwiwata ta yi ƙara, tana gogewa tana gyarawa tana yi mini faɗa kamar da. Yau ma tun safe muke yi, ta aika an sayo mata takardu.

Saboda haka in ka zo hutu ka taho mini da man zafi babbar kwalba. Aiki ne a gabanmu, ni da mamanka.

Ka gaida abokanka. Ka ci abinci.

Amaryarka mai furfura